Kiredit 60, Katin Mota da Mai Ba da Shawara: Nazarin Shirin ASAP a Kwalejojin Al'umma na Niyok

A Amurka akwai wani rukuni na manyan makarantu da ake kira kwalejojin al'umma. Na gwamnati ne, kuɗinsu bai kai na jami'a ba, kuma ƙofarsu a buɗe take ga duk wanda ya gama sakandare ko yake da shaidar da ta yi daidai da ita. Karatun shekara biyu ake yi a cikinsu, a fita da ƙaramin digiri wanda mutum zai nemi aiki da shi, ko ya wuce jami'a ya ƙarasa sauran shekara biyun. Su ne makarantun 'ya'yan talakawa, da 'yan ci-rani, da magidancin da ya dawo aji bayan ya daɗe da ajiye biro. Shiga ba ta da wuya. Fitar ce aiki. A shekarun 2000, cikin ɗalibai goma da suka fara karatu na cikakken lokaci a irin waɗannan kwalejoji, kusan biyu ne kawai ke karɓar shaidarsu cikin shekara uku.

Wannan nazari ya tsaya ne kan wuri guda: Jami'ar Birnin Niyok, wadda aka fi sani da CUNY, wadda kwalejojin al'umma na birnin ke ƙarƙashinta, da shirin da ta ɓullo da shi a 2007 mai suna ASAP, wato shirin gaggauta karatun ƙaramin digiri. An zaɓe shi ne don yana cikin 'yan tsirarun shirye-shiryen tallafa wa sababbin ɗalibai da aka gwada ta hanyar ƙuri'a, aka bi sawun ɗaliban shekara da shekaru, aka kuma lissafa abin da ya ci har dala ta ƙarshe.

Inda ɗalibi ke zubewa

Kafin a yi maganar magani, a fara da lissafi. Ƙaramin digiri a CUNY kiredit 60 ne a mafi yawan fannoni. Kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas, wanda ɗalibi ke tarawa idan ya ci kwas ɗin. Kwas guda yakan ɗauki kiredit 3 ko 4. Wanda yake son gamawa cikin shekara biyu, wato zango huɗu, dole ya ci kiredit 15 kowane zango. Amma dokar tallafin karatu tana ɗaukar mai kiredit 12 a matsayin ɗalibin cikakken lokaci, don haka yawancin ɗalibai a 12 suke tsayawa. Sha biyu sau huɗu 48 ne. Tun kafin ɗalibi ya faɗi ko da jarrabawa ɗaya, ya riga ya makara da zango guda.

A kan wannan kuma sai a ɗora kwasa-kwasan share fage. A lokacin da ake magana, sabon ɗalibi yakan zauna jarrabawar auna ƙarfinsa a lissafi da karatu da rubutun Ingilishi. Wanda bai kai maki ba, sai a tura shi share fage, kuma mafi yawan masu shiga kwalejojin al'umma na CUNY a can suke farawa. Kwas ɗin share fage yana cin kuɗi, yana cin lokaci, yana cin wani kaso na tallafin da gwamnati ta ware wa ɗalibi, amma ba ya ƙara ko kiredit ɗaya cikin 60 ɗin. Ɗalibin da ya yi rajistar kwas huɗu, biyu daga ciki share fage, zai gama zango da kiredit 6 ko 7 ko da ya ci komai. Wanda kuma yake tsoron lissafi yakan ɗage shi zuwa baɗi, baɗi ta zo ya sake ɗagewa, har ya wayi gari ya ci duk abin da za a iya ci ba tare da lissafi ba, hanya ta toshe.

Wa zai ja masa kunne? A kwalejojin da aka yi gwajin, jami'in ba da shawara guda yana riƙe da ɗalibai tsakanin 600 zuwa 1,500. Mai irin wannan lodi ba ya sanin fuskar kowa. Ɗalibi yana ganinsa a makon rajista, a tsaye cikin dogon layi, ya sa masa hannu ya wuce. Daga nan ɗalibi shi kaɗai yake zaɓen kwasa-kwasansa, kuma sau da yawa abin da ya rage ne yake samu: aji ɗaya da ƙarfe 8 na safe, wani da ƙarfe 2, wani da ƙarfe 6 na yamma. Mai aikin shago ko mai ɗauko yaro daga makaranta ba zai iya riƙe irin wannan jadawali ba.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne da ke taruwa. Littafin kimiyya guda yana iya haura dala 100, sai ɗalibi ya ce zai lallaɓa ba littafi har zuwa jarrabawar tsakiyar zango. Kuɗin mota ya ƙare a mako na uku na wata, sai a tsallake aji biyu. Fom ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya kowace shekara ake sake cike shi, wanda ya manta sai ya ga takardar bashi. Wanda ya janye daga kwas don gudun faɗuwa bai san cewa tallafin yana da sharaɗi ba: sai ya riƙa cin wani kaso na abin da ya yi rajista, a makarantu da yawa kashi biyu cikin uku, in ba haka ba a yanke masa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa ya kori mutum daga makaranta shi kaɗai. Idan suka haɗu, ɗalibi ba ya ma yanke shawarar barin karatu. Yakan ce zai huta zango ɗaya ya tara kuɗi, shi ke nan ba a sake ganinsa ba.

Yadda aka ƙulla shirin

An fara ASAP a kakar 2007, zamanin magajin gari Michael Bloomberg, da kuɗin wata cibiyar yaƙi da talauci ta gwamnatin birnin. Matthew Goldstein ne shugaban CUNY a lokacin. An ɗauki ɗalibai 1,132 a kwalejoji shida: Borough of Manhattan, Bronx, Hostos, Kingsborough, LaGuardia da Queensborough. Burin da aka sa wa shirin lamba ce ƙwara ɗaya: rabin ɗaliban su gama cikin shekara uku.

Ginshiƙin shirin yarjejeniya ce, kowane ɓangare da abin da ke wuyansa. Ɗalibi zai yi karatu na cikakken lokaci, aƙalla kiredit 12 a zango. Zai ɗauki share fagensa tun da wuri, ba ɗagewa. Zai ga mai ba shi shawara sau biyu a wata. Zai ga jami'in harkar sana'a da neman aiki aƙalla sau ɗaya a zango. In yana share fage ko makinsa ya yi ƙasa, zai riƙa zuwa darasin ƙari kowane mako. Zai cike fom ɗin neman tallafi kowace shekara. Ita kuma kwaleji za ta yafe masa duk abin da ya rage na kuɗin makaranta bayan tallafin tarayya da na jiha sun shigo, za ta ba shi littattafai ya yi amfani da su kyauta, za ta ba shi katin shiga bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa ba iyaka, wanda a lokacin ake kira MetroCard, za ta bar shi ya yi rajista kafin sauran ɗalibai don ya haɗa azuzuwansa a safe zalla ko rana zalla. A shekarar farko ana ƙoƙarin sa 'yan shirin a aji ɗaya don su san juna, da wani zama na musamman da ake koya musu tsara lokaci da dabarun karatu. Ana kuma matsa musu su yi kwas a gajeren zangon hunturu da na bazara, don a nan ne ake cike giɓin da ke tsakanin 48 da 60. A Kingsborough da LaGuardia wannan ya fi sauƙi, saboda kowane zango nasu kashi biyu ne, na mako 12 da na mako 6.

Duk waɗannan shekara uku ake yin su. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Abin mamaki a lissafin shi ne yafe kuɗin makaranta, wanda ya fi komai daɗin faɗa a talla, kusan bai ci komai ba. Ɗaliban talakawa ne, tallafin gwamnati ya riga ya biya musu. A kowane zango, tsakanin kashi 3 zuwa 11 cikin 100 ne kawai suka buƙaci a cike musu wani abu. Amfaninsa shi ne jami'i ya iya kallon idon ɗalibi ya ce masa ba za a tambaye shi ko sisi ba. Babban kuɗin ya tafi ne ga albashin ma'aikata da katin mota.

Mai ba da shawara

A nan shirin ya fi bambanta da abin da aka saba. Mai ba da shawara na ASAP a farkon shirin yana riƙe da ɗalibai 60 zuwa 80, kuma shi ɗin ne zai ci gaba da riƙe su tun daga shiga har fita. Binciken da aka yi ya nuna cewa a shekarar farko ɗan shirin ya gana da mai ba shi shawara sau 38 a matsakaici, ɗalibin da ba ya cikin shirin kuwa sau 6. Darasin ƙari sau 24 da sau 7. Jami'in sana'a sau 9 da sau 2.

Yawan ganawa yana canza abin da ake tattaunawa. Wanda kake gani sau ɗaya a zango, maganar rajista kawai za ku yi. Wanda kake gani duk bayan mako biyu, shi ne zai ji cewa an canza maka lokacin aiki ya ci karo da ajin lissafi, tun sauran damar sauya aji. Aikin yana da lokutansa. Kafin a fara karatu, a zauna a zana taswirar dukan kwasa-kwasan da ɗalibi zai yi har ya kai 60, a jera su yadda wanda yake sharaɗin shiga wani zai zo a gabansa. A makonnin farko, a tabbatar littattafai sun shiga hannu kuma tallafi ya sauka. Wajen tsakiyar zango, a nemi bayani daga malamai kan wanda ke fashin aji da wanda makinsa ke zamewa, a tura shi darasin ƙari. Kafin ranar ƙarshe ta janyewa daga kwas, a zauna da duk mai niyyar janyewa a lissafa masa abin da zai faru da tallafinsa. Kafin hutu, a tabbatar ya yi rajistar zango mai zuwa, don wanda ya tafi hutu ba rajista shi ne aka fi rasawa. Tun ran gini tun ran zane.

Mai ba da shawara ba likita ba ne, ba kuma mai ba da gidan haya ba. Idan matsala ta wuce ta karatu, aikinsa ya san ofishin da za a je, ya haɗa ɗalibi da shi, sannan a ganawa ta gaba ya tambaya ko an je. Wannan tambaya ta biyu ita ce mai lodin ɗalibai dubu ba zai taɓa iya yi ba.

A bayan jami'an kuma akwai rumbun bayanai. Kowace ganawa ana shigar da ita. Kowace kwaleji tana da daraktan shirin, akwai kuma ofishin tsakiya a CUNY, wanda Donna Linderman ta daɗe tana jagoranta, yana tara alƙaluma yana mayar wa kwalejoji: kashi nawa ne suka cika ganawarsu, nawa suka sake rajista, kiredit nawa aka ci. Daraktan da alƙalumansa suka yi ƙasa a wata zai gani tun zangon bai ƙare ba. Masu kwaikwayon shirin sukan raina wannan ɓangare saboda ɗalibi ba ya ganinsa, alhali ba tare da shi ba, sharaɗin ganawa sau biyu a wata magana ce kawai a takarda.

Katin mota

Me zai sa ɗan shekara 19 mai aiki da yamma ya je ofis sau biyu a wata ba fashi? Kati. A 2010 katin wata na zirga-zirga a Niyok dala 89 ne, a ƙarshen shekarar ya koma 104. Ga ɗalibin da iyalinsa ke lissafin kuɗin cefane, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da katin zai je wurin aiki, ya kai ƙaninsa asibiti, ya je ko'ina a birnin. An ɗaure katin da cika sharuɗɗa: ka je ganawarka da darasin ƙarinka, ka karɓi kati. Ba ka je ba, ka jira.

Dabarar tana da kai. Da an ba ɗalibi kuɗin dunƙule a farkon shekara, da ya kashe su a kan wata larura ta gaske, shi ke nan. Ba shi kati a kai a kai ya sa kowane lokaci akwai dalilin da zai taka ƙafa zuwa ofis. Da farko don kati yake zuwa. Bayan wata uku ko huɗu, akwai mutum a kwalejin da ya san sunansa da halin da yake ciki, kuma kunyar wannan mutum ma tana hana fashi. Katin ya yi aiki biyu a lokaci guda, ya cire kuɗin mota daga cikin dalilan tsallake aji, ya kuma zama igiyar da ke jawo ɗalibi zuwa sauran hidimomin. Duk kwalejin da ta raba irin wannan tallafi ba tare da ta ɗaure shi da komai ba, ta biya kuɗin amma ta bar rabin amfanin.

Gwajin ƙuri'a

Rukunin farko ya wuce burin da aka sa: kashi 55 cikin 100 sun gama cikin shekara uku, yayin da ɗalibai masu kama da su a waje suka tsaya kusan kashi 24. Sai dai masu shakka suna da hujja. An tace wannan rukuni, sai wanda ya riga ya fita daga share fage aka ɗauka. Kuma wanda ya kawo kansa ya ce zai yi karatu na cikakken lokaci, ai dama mai himma ne. Wa ya sani ko da ba shirin ma zai gama?

Don a kashe wannan gardama, daga 2009 aka buɗe ƙofa ga masu buƙatar share fage ɗaya ko biyu, sannan aka gayyaci cibiyar bincike ta MDRC. A 2010 ta ɗauki ɗalibai 896 a kwalejoji uku, Borough of Manhattan da Kingsborough da LaGuardia. Dukansu masu ƙaramin ƙarfi ne, dukansu suna da share fage a kansu, dukansu sun yarda za su yi cikakken lokaci. Sai aka jefa ƙuri'a: kusan rabi suka shiga shirin, rabi suka ci gaba da abin da kwaleji ta saba bayarwa. Tunda ƙuri'a ce ta raba su, himma da talauci da ƙwazo sun rabu daidai a ɓangarorin biyu, duk bambancin da ya fito daga baya na shirin ne.

An fitar da sakamakon shekara uku a 2015. Kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun karɓi digiri, na waje kashi 22. 'Yan shirin sun tara kiredit 48 a matsakaici, na waje 39. Kashi 74 sun gama share fagensu, na waje kashi 55. A ƙarshen shekara ta uku, kashi 25 na 'yan shirin suna jami'a, na waje kashi 17. MDRC ta ce a duk gwaje-gwajen da ta yi a kwalejojin al'umma ba ta taɓa ganin tasiri mai girman wannan ba.

Da aka kai shekara shida, tazarar ta ragu: kashi 51 da kashi 41. Wannan yana nufin abu biyu. Wani ɓangare na tasirin gaggautawa ce, wato ɗaliban da dama za su gama sun gama da wuri. Amma tazarar kashi 10 da ta rage mutane ne da, in ba don shirin ba, da har bayan shekara shida ba su da komai a hannu. Ya kamata kuma a lura cewa a wannan rukuni mai share fage ba a kai burin rabi cikin shekara uku ba. Ko da duk wannan hidima, shida cikin goma ba su gama a kan lokaci ba.

Gwajin bai rarrabe wane sashe ne ya fi aiki ba, dunƙule aka gwada shi. Amma akwai abin kwatance. Kafin ASAP, MDRC ta gwada wani shiri a kwalejoji biyu na jihar Ohayo, Lorain County da Owens, inda aka rage wa masu ba da shawara lodi aka kuma ba ɗalibai dala 150 a zango, na tsawon zango biyu. An ga ɗan motsi a lokacin da shirin ke gudana. Da aka janye shi, ɗaliban suka koma daidai da sauran. Tallafin zango ɗaya ko biyu yana ɗaga ɗalibi ne ya sake shi a tsakiyar kogi, don matsalolin da suka kusa kayar da shi a zangon farko suna nan suna jiransa a na huɗu. Shi ya sa aka ce a riƙe maganar shekara uku.

Kuɗi

Araha ba ta ado. A cikin shekara uku, CUNY ta kashe ƙarin kusan dala 16,300 a kan kowane ɗan shirin, wato kashi 63 cikin 100 sama da abin da take kashewa a kan ɗalibin waje. Kusan dala 14,000 na hidimomin shirin ne kai tsaye, sauran kuma kuɗin ƙarin kwasa-kwasan da ɗaliban suka ɗauka saboda ba su bar makaranta ba.

Idan aka raba kuɗin da yawan waɗanda suka gama, hoton yana juyawa. Kowane digiri a rukunin waje ya ci kusan dala 118,000, domin ana kashe kuɗi a kan mutum biyar a samu ɗaya ya fita. A rukunin shirin ya ci kusan dala 105,000, ragin kashi 11 cikin 100. Duka lissafin biyu gaskiya ne, sai dai ba mutum ɗaya ke karanta su ba. Na biyu yana burge masu tsara manufa. Na farko shi ne ke gaban ma'ajin kwaleji a watan kasafi, kuma shi ba a ba shi kuɗi bisa digirin da za a samu nan da shekara uku.

Faɗaɗawa da abin da ya canza

Zamanin magajin gari Bill de Blasio birnin ya ƙara zuba kuɗi, aka faɗaɗa shirin daga 'yan dubbai zuwa kusan ɗalibai 25,000 a shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019. Ya shiga wasu kwalejojin CUNY masu ba da ƙaramin digiri, irin su Medgar Evers da College of Staten Island da City Tech, kuma a 2015 aka fara makamancinsa don masu digirin shekara huɗu a kwalejin John Jay.

Ba a iya faɗaɗa shi a kan tsohon farashi ba. Kuɗin ɗalibi guda a shekara ya sauko daga kusan dala 6,500 a farkon shirin zuwa kusan 3,400, kuma babban abin da ya sauko da shi shi ne lodin mai ba da shawara, wanda ya koma har ɗalibai 150. Don kada ganawa ta zama ta jeka-na-yi-ka, aka canza tsari. A zangon farko kowa sau biyu a wata yake zuwa. Daga nan a raba ɗalibai gida uku bisa makinsu da cika sharuɗɗansu da halin rayuwarsu. Masu babbar buƙata su ci gaba da sau biyu a wata, na tsakiya da na ƙasa a sassauta musu, wani lokaci a haɗa su a zaman rukuni. Ana sake duba rabon kowane zango, don wanda yake lafiya lau a kaka yana iya rasa aiki a bazara. Haɗarin wannan tsari a fili yake: ɗalibi mai shiru da maki mai kyau shi ne ake sa wa a rukunin ƙasa, kuma in ya fara zamewa, ba lallai a gani da wuri ba sai in malamai suna aiko da bayani a kan lokaci.

A gefe guda CUNY ta taɓa tushen matsalar share fage. Wani gwajin ƙuri'a da aka yi a 2013 da ɗalibai 907 waɗanda jarrabawa ta ce ba su kai ba a lissafi ya nuna cewa waɗanda aka sa a share fagen aljabra kashi 39 cikin 100 suka ci, waɗanda aka sa kai tsaye a kwas ɗin ƙididdiga mai kiredit tare da darasin ƙari kuwa kashi 56 suka ci. Zuwa 2022 jami'ar ta daina tsohon salon share fage, ta koma sa ɗalibi a kwas mai kiredit tare da ƙarin sa'o'in tallafi.

Gwaji a Ohayo

Saura tambaya ɗaya: ko abin na Niyok ne kawai, birnin da kowa ke hawa jirgin ƙasa? A 2015 kwalejoji uku na Ohayo suka ɗauki tsarin: Cincinnati State, Cuyahoga da Lorain County. An sake jefa ƙuri'a, a kan ɗalibai 1,501. Ɗaliban nan sun fi na Niyok shekaru, da yawansu iyaye ne masu aiki. Tunda a can mota ake tuƙawa, aka maye gurbin katin jirgi da katin dala 50 a wata na sayen mai ko kayan abinci, shi ma a ɗaure da cika sharuɗɗa. Wannan shi ne misalin kwaikwayo mai kyau: an canza abin da ake bayarwa, an bar aikin da yake yi.

Bayan shekara uku, kashi 35 cikin 100 na 'yan shirin sun gama, na waje kashi 19. Hidimar kai tsaye ta ci kusan dala 5,500 a kan ɗalibi cikin shekara uku, ƙasa da rabin na Niyok, kuma kuɗin kowane digiri ya ragu da kashi 22. A shekara ta shida, kashi 44 da kashi 29, sannan 'yan shirin suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 11 cikin 100.

Akwai waɗanda shirin bai taɓa ba, a Niyok da Ohayo duka. Sharaɗin cikakken lokaci ya bar mafi yawan ɗaliban kwalejojin al'umma na Amurka a waje, domin yawancinsu ba karatun cikakken lokaci suke yi ba. Wasu cikinsu za su iya ƙarawa in an cire musu kuɗin mota da na littafi, kuma gwajin ya nuna haka. Amma uwa mai yara uku da aikin sa'a 40 a mako, katin dala 50 ba zai saya mata lokaci ba. Wasu fannoni ma, kamar aikin jinya, ba su shiga gwajin Niyok ba saboda jerin kwasa-kwasansu da layin jiran gurbi ba sa barin a gama cikin shekara uku. Sassauta sharaɗin kuma ba abu ne da za a yi da ka ba, tunda shi ne ke tura kiredit gaba, kuma alƙaluman da aka ambata duka na masu cikakken lokaci ne.

Gidauniyoyi masu zaman kansu ne suka ɗauki nauyin fara gwajin Ohayo, da fatan kwalejojin za su karɓa daga baya. Jihar tana biyan kwalejojinta bisa sakamako, wato kwasa-kwasan da aka ci da digirin da aka bayar, kuma ɗalibin da ya zauna yana ci gaba da kawo kuɗin makaranta, don haka wani ɓangare na abin da aka kashe yana dawowa. Sai dai yana dawowa ne a hankali, bai kuma cike ramin duka ba, alhali albashin mai ba da shawara da katin mai kowane wata ake biyansu. Da kuɗin gidauniyoyin ya ƙare, Cincinnati State da Cuyahoga ba su ci gaba da shirin ba, duk da sakamakon da ke hannunsu. A lokacin, Lorain County ce kaɗai ta riƙe nata, mai suna SAIL, ta sa shi cikin kasafinta, ta kuma ƙara yawan ɗaliban da take ɗauka.